Ledar Laifina Ce, Amma Kifin Innata Ba Ruɓaɓɓe Ba Ne

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, yadda nake magana haka nake rubutawa.

Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da ɗaya, ina gidanmu a Yelwa ta ƙasar Yauri. Na gama sakandare, ba a samu halin ci gaba ba. Abin da na mallaka a duniya waya ce guda, wadda yayata ta bar mini da ta yi aure, fuskarta a tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Amma wallahi abin da na koya da wayar nan, ko makaranta aka sa ni sai haka. Ba wanda ya zaunar da ni. Ni na gano cewa hoton kaya da hantsi ake ɗaukarsa, a inuwa, ba cikin rana tsaka ba. Ni na gano in ka goge idon kyamara da gefen mayafi, hoto sai ya fito tas kamar an wanke shi. Na iya haɗa bidiyo, na iya ɗora rubutu a kai, na iya amsa mutum goma a lokaci guda ba tare da na haɗa saƙon wannan da na wancan ba. Ina ji da kaina ƙwarai, kuma har yau ina ji, don ba ƙarya ba ne, na iya.

Innata kuwa bandar kifi ce sana'arta tun kafin a haife ni. Da sassafe take sauka bakin ruwa ta tari jiragen masunta, ta zaɓo tarwaɗa da karfasa da kurungu, ta dawo ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗar ta soke wutsiya da tsinke, ta jera bisa waya a kan murhun banda. Da itacen ƙirya kawai take aiki, ta ce sauran itace hayaƙinsu ɗaci ke gare shi. Har daga Shanga da Warra ana aikowa a sayi nata, alhali can ma ruwa na ƙofar gidansu. To ni sai na ce, kifin da ya kai haka don me zai ƙare a kasuwar Yelwa kaɗai? Wata ƙawata ta sa ni cikin wani babban guruf na cikin waya, na mata masu saye da sayarwa, matan Kaduna da Abuja da Kano cike, kowa da hajarta. Guruf ɗin na da shugaba, wata babbar mace da kowa ke kira Uwar Guruf, kuma tana da dokoki. In kin sayi kaya ya iso, sai ki rubuta shaidarki kowa ya gani. In kuma akwai matsala, ki fara samun mai kayan a gefe, in kun kasa daidaitawa sannan ki kai wa Uwar Guruf. Wadda aka tabbatar ta cuci mutane, a cire ta.

Ranar da na ɗora bidiyon Inna tana juya kifi bisa wuta, hayaƙi na tashi, man tarwaɗa na ɗiga, wayata har zafi ta yi don saƙo. Wata uku muka yi muna aika kaya, shaida mai kyau na bin shaida mai kyau. Inna na yi mini tsiya, wai tunda take ba ta taɓa ganin kasuwar da ake ci a kwance bisa tabarma ba, amma ina ganin yadda take murmushi in na karanta mata abin da matan birni suka rubuta.

Daga nan idona ya fara rufewa. Na ga sauran masu sayarwa suna zuba kayansu cikin leda mai ƙyalli, su liƙe bakin, su manna takarda mai suna da lambar waya. Namu kuwa a kwali Inna ke jera shi, ta shimfiɗa takarda a ƙasa, ta huhhuda kwalin da wuƙa ta ko'ina, ta ɗaure da igiya. Sai na fara jin kunyar kwalin nan. Na sa aka kawo mini irin ledar, na yi takardata mai hoton kifi. Da Inna ta gani sai ta juya ledar a hannu, ta ce ke ɗiyar nan, wanga abu ai likkafani na, kihi ko ya mutu numfashi shikai. Na yi dariya na ce Inna zamani ya wuce kwali. Ta ce to, Allah shi ba zamani sa'a.

A nan ya kamata in yi muku bayanin abin da duk ɗan Yauri ya sani tun yana goye, wanda ni kuma na take sani. Banda iri biyu ce. Akwai kifin da ya kwana ɗaya kan wuta, yana da laushi da maiƙo, yana sheƙi, ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma na gida ne, a ci yau ko gobe, in zai ƙara kwana sai an mayar da shi bisa wuta. Akwai kuma wanda ake kwana uku ko huɗu ana juyawa har ya bushe ƙayau, ya yi duhu, ya ƙanƙance. Shi ne na tafiya. Inna ba ta sallamar kifi sai ta ƙwanƙwasa shi da farce ta kara kunne, in ya yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya ta ce ya isa hanya, in ya yi luƙus ta mayar. Matsalar ita ce, a hoto mai laushin ya fi kyau. Busasshen in ka ɗauke shi kamar guntun gawayi.

Ana tsakiyar damina wata Hajiya daga Abuja ta yi mini magana. Tsohuwar 'yar guruf ce, ana jin maganarta. Ta ce 'yarta ta haihu, tana son manyan tarwaɗa na farfesun mai jego, irin waɗanda ta gani a hoto sak, masu sheƙin nan, kuma tana so jibi su kasance a hannunta. Busasshe ya ƙare mana. Wanda ke kan wuta kwanansa ɗaya. Na san abin da ya kamata in ce mata: Hajiya ki ƙara mini kwana biyu. Amma na ji tsoron kada ta tafi wurin wata, ga shi ina kwaɗayin shaidar mace irinta. Sai na ce an gama. Da safe Inna ta sauka bakin ruwa, ni kuma na kwashe kifin nan da sauran ɗuminsa, na zuba a ledata mai ƙyalli, na liƙe ruf, na manna takardata, na ɗauki hoto na tura wa Hajiya. Ta ce masha Allah 'yata, kin iya aiki. Na hau kabukabu na kai tasha na ba direban da muka saba da shi. Ban gaya wa Hajiya ta buɗe ledar da zarar ya iso ba, ban gaya mata ta ɗumama shi ba. Ko a raina bai zo ba cewa akwai babban mutum a duniya da bai san wannan ba.

Direba ya isa a ranar, da yamma. Ya kira ta ba ta ɗauka ba. Washegari ya kira, ta ce suna asibiti da jaririn, ya ajiye mata a ofishin tasha za ta aiko. Ni ma na tura mata saƙo sau biyu, ta buɗe ba ta amsa ba. Sai a kwana na uku aka je aka karɓa. Ku lissafa da kanku: kifi mai laushi, cikin rufaffiyar leda, a ɗakin kwano, da damina, kwana uku.

Ina tsakar gida ina wanke-wanke ƙawata ta kira ni, ta ce maza in shiga guruf. Hoto huɗu Hajiya ta ɗora. Fumfuna fari fat a jikin kifin, ruwa ya taru a gindin ledar, ga tsutsa, ga takardata mai sunana da lambata ɗoɗar a sama. Ba ta kira ni ba, ba ta tura mini ko kalma ɗaya a gefe ba, ba ta bi ta wurin Uwar Guruf ba. Ta rubuta cewa a yi hattara da ni, macuciya ce, ruɓaɓɓen kifin da ya yi kwantai nake shafa wa mai in ɗauki hoto. Wannan duk da na haɗiye. Sai ta sake ɗoro bidiyon Innata, wanda na sa da alfahari, ta ce a dubi hannun tsohuwar nan baƙi ƙirin, a dubi wurin da ake yin abin, me ake jira daga ƙazaman bakin ruwa. Mata suka yi ca. Waɗanda jiya suka rubuta cewa ba su taɓa cin kifi irin namu ba, yau suna cewa dama sun ji wani ɗan wari-wari.

Edita, hannun Innata hayaƙin shekara talatin ne ya rina shi. Da hannun nan aka biya mini makaranta. Ban san lokacin da na danna na fara saƙon murya ba, kumfar sabulu na hannuna. Na ce mata Hajiyar ƙarya, na ce wadda ba ta san kifi ba sai a faranti ita za ta koya wa 'yan Yauri tsafta, na ce in tana da kunya ta faɗa wa mutane kwana nawa ta bar kaya a tasha. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita a nan ba, har da abin da ya taɓa 'yarta mai jego, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na ɗauki hoton hirarmu ta gefe na watsa a guruf, lambarta da komai. Minti biyar na ji sanyi a raina. Daga nan na ga yadda maganar ta juya. An bar zancen kwana uku a tasha, an koma zancen yarinya marar tarbiyya da ta zagi sa'ar uwarta. Da hannuna na ba su sandar dukana.

Na so in ɓoye wa Inna, amma Yelwa ba ta da faɗin da magana za ta ɓata. Akwai 'yan garinmu a guruf ɗin. Washegari a kasuwa wata mai kifi da ke zama kusa da ita ta miƙa mata waya, ta ce Inna ashe kin yi suna har Abuja, ga tsutsarki nan ana kallo. Wata mai sayen kifin Inna ta shekara da shekaru ta zo ta ɗaga tarwaɗa ta shinshina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye ta wuce. Inna ta dawo gida ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna ta cire takalmi, ta ce wane kihi kika aika? Na ce wanda ke kan wuta. Ta ce cikin mi? Na sunkuyar da kai. Ta ce cikin likkafanin naki? Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce kuka ba shi busar da kihi, in tashi in ba matar mutane haƙuri, don ko ta bar shi kwana goma a tasha, ni na fara kashe shi tun daga gida. Kuma zagin da na yi wa Hajiya, ta ce ba a cikin gidanta na koye shi ba.

Da la'asar Uwar Guruf ta kira ni. Ta yi magana a hankali, 'yata kaza 'yata kaza. Ta ce tana so ta taimake ni, don ta ga ina da ƙoƙari. Ta ce Hajiya babbar mace ce, ranta ya ɓaci, kuma hanya ɗaya ce za a kashe wutar nan. Ta turo mini rubutu, wai in kwafa in ɗora da sunana kafin azahar ɗin gobe. Rubutun na cewa na amsa kifin da na aika ya lalace tun daga wurinmu saboda rashin kula wajen banda, ina neman afuwa, kuma za mu gyara tsaftarmu. In na ɗora, in ci gaba da kasuwata. In na ƙi, ta cire ni. Na ce Mama, ita Hajiya da ta tsallake dokarki ta kai ni gaban jama'a ba ta neme ni a gefe ba fa? Ta ce in bar wannan, yaro ba ya jayayya da babba. Na ce kwana ukun tasha fa? Ta ce in ban son taimako in faɗa mata.

Na karanta wa Inna rubutun. Abin da ya ba ni mamaki, cewa ta yi in ɗora. Ta ce ita sunanta ba cikin waya yake ba, masu saninta sun san ta, kada in rasa kasuwar da na gina da wahala saboda tsohuwa irinta. Ta faɗi haka tana hura wuta, ba ta dube ni ba. A nan ne, karo na biyu a wannan labari, na ƙi bin maganar Inna. Na farkon ina nadamarsa har gobe. Wannan kuwa ko kusa. Kusan duk cinikina daga guruf ɗin nan yake fitowa, na san haka sarai. Amma in sa sunana a ƙarƙashin maganar da ke cewa uwata ƙazama ce, ba ta iya aikinta ba, don a bar ni in ci gaba da sayar da kifin wannan uwar? Da wane baki?

Da safe na rubuta nawa. Na ce jama'a, kifin da na aika wa Hajiya bai gama bushewa ba, na sani, na ɓoye mata don kada ciniki ya wuce ni. Na rufe shi a leda bayan mahaifiyata ta hana ni. Ban gaya mata yadda za ta adana shi ba. Wannan duk laifina ne ni kaɗai. Na zage ta, na taɓa 'yarta, na watsa lambarta, ina roƙon ta yafe mini don Allah, kuma zan aika mata wani kifin a madadinsa. Amma kifin nan da ransa aka sayo shi a bakin ruwa, lafiyayye ya hau wuta, lafiyayye ya bar Yelwa, ya yi kwana uku a tasha ba a karɓa ba. Mahaifiyata ba ta da hannu a ɓacinsa, kuma ba zan rubuta cewa tana da shi ba ko da za a cire ni sau goma. Na danna na tura. Ban gama shan kokon da ke hannuna ba na ga an cire ni.

Kifin madadin na aika shi, busasshe ƙayau, Inna da kanta ta ƙwanƙwasa kowane ɗaya ta jera a kwali. Direba ya ce a ranar aka zo aka karɓa. Har yau Hajiya ba ta ce mini uffan ba, ba godiya ba zagi, kuma ƙawata ta ce hotunan nan ba ta goge su ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce washegari duniya ta taru ta ba ni gaskiya ba. Wata biyu wayata shiru kamar an zuba mata ruwa. Mata ƙalilan ne suka biyo ni gefe, ɗaya ta ce ba komai ya kawo ta ba sai don ta ga mai sayarwar da ta tona wa kanta asiri, irin wannan ba za ta sayar mata da ruɓaɓɓe ba. Da su na sake farawa, a hankali, kuma har yanzu ban kai inda nake da ba. Matar da ta shinshina kifin Inna a kasuwa ta dawo bayan sati uku kamar ba abin da ya faru, Inna ta auna mata har da gyara. Ni ce dai na kasa gaishe ta da sakin fuska.

Yanzu duk wadda ta sayi kayana, kafin mota ta tashi sai na tura mata saƙon murya: ki karɓa yau, ki buɗe yau, ki baza shi ya sha iska, kada ki rufe a leda, in kin ga ya fara laushi ki ɗumama. In ta ce ba za ta samu zuwa tasha ba sai jibi, sai in ce to jibi zan aika. In busasshe ya ƙare in ce ya ƙare, ta jira ko ta nemi wani wuri. Na rasa ciniki da yawa a kan haka, ban mutu ba.

'Yan uwana masu sayarwa a waya, abin da kuka sani tun kuna yara, mai saye a birni bai sani ba, faɗa masa na cikin aikinku. Kada hoto ya zaɓar muku kayan da za ku aika. Ranar da aka zage ku a gaban jama'a kuma, ku kife wayar ku je ku sha ruwa, don wanda ya yi zagi ya zubar da gaskiyarsa ko da buhu yake da ita. Ku kuma masu saye, kayan da aka aiko muku ya zama amana a wuyanku tun daga lokacin da direba ya kira. In kun ga matsala, ku nemi mai kayan tukuna ku ji ta bakinsa. In za ku ba da shaida ku ba da ita cikakkiya, har da inda kuka yi sakaci, ku tsaya kan kayan, ku bar iyayen mutane da garinsu. Abin da kuka rubuta cikin minti ɗaya da fushi, wata tsohuwa ce za ta zauna da shi a kasuwa tana kallon masu wucewa.

Laifin da na yi na amsa shi a gaban mutanen da ban ma san fuskarsu ba, kuma in aka sake tara su zan sake amsawa. Amma in wata rana aka miƙo miki ƙarya aka ce ki sa hannu a kanta don a bar ki ki zauna a kasuwa, 'yar uwa, ki naɗe tabarmarki ki tashi. Kasuwa ba ɗaya ba ce. Uwa kuwa ɗaya ce.